Daminar da Garinmu Ya Hana Yayana Gudu

Ruwan farko na bana a aji ya same ni. Ina koyar da 'yan aji huɗu a wata makaranta a Ƙanƙara, kuma tun da hantsi hadari ke haɗowa daga gabas, iska na buga tagogi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa. Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, 'yan matan ajina suka kwasa a guje suka ratsa filin makaranta suna shewa, hijabansu na tashi a bayansu. Ban san lokacin da na fito bakin ƙofa na daka musu tsawa ba.

"Wa ya koro ku? Ku tsaya!"

Suka tsaya cak a cikin ruwa suna kallona. Ba su taɓa jin wannan muryar a bakina ba. Na koma na zauna, ruwa na dukan kwano, sai wata damina ta dawo mini ɗungurungum, wadda na yi shekaru ina kauce wa tunaninta.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin 'Yankara da Faskari. Yamma da mu akwai wani dogon dutse, bayan dutsen kuma daji ne da ya miƙe kudu har ƙasar Sabuwa. A lokacin da nake magana ɓarayin daji sun riga sun shigo mana sau biyu. Ba ma kiran sunansu, "mutanen nan" muke cewa. Gonakin nesa an bar wa ciyawa. Makarantar kwanan da nake yi an rufe ta an maido mu gida, ina da shekara sha bakwai. Akwai kuma wata doka da ba wanda ya kafa ta amma kowa ya san ta: in ka ga mutum a guje, ba ka tambaya. Ka yar da abin da ke hannunka, ka suri yaron da ya fi kusa da kai, ka bi baya. Gudu ya zama magana a garinmu, kuma abu ɗaya tak yake faɗi. Ko akuya ce ta tsinke, a hankali ake bin ta.

A irin wannan gari Allah ya ajiye yayana Sada, wanda ba abin da yake so a duniya kamar gudu.

Ya girme ni da shekara bakwai. Dogo ne siriri, marar surutu cikin mutane. In yana gudu yakan ɗan karkatar da kansa hagu, kamar mai sauraron wani abu a ƙarƙashin ƙasa. Abin ya samo asali tun yana sakandare a Faskari: Baba ba shi da halin saya masa keke, shi kuma ba ya son bulalar makara. Da ya gama makarantar, ƙafafun suka ƙi dainawa. Daga baya wani abokinsa ya nuna masa a waya yadda ake gasar gudu a kan duwatsu, mutane su yini suna hawa suna sauka ta 'yar hanyar da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi. Ya kuma ji cewa can wajen Filato ana yin irinta. Daga ranar ya bar titi. Ya koma burtalin shanu, da yashin rafi, da dutsen nan na yamma.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Rana takan fito kamar da fushi ta kwana. Kafin azahar ruwan randa ya yi ɗumi, kaji sun kwanta gindin rumbu baki buɗe, ƙasar tsakar gida ba ta takuwa ba takalmi. Inna takan jiƙa zane ta lulluɓa, kafin ta juya ya bushe. A cikin wannan zafin Yaya Sada ke ɗaure takalminsa. Kambas ne na gwanjo da ya sayo a kasuwar 'Yankara, baduku ya ɗinka masa taya a ƙasa har sau biyu. Da azumi ya canza lokacinsa: bayan la'asar yake fita, ya auna yadda zai sauko daga dutse daf da kiran magariba. Sau biyar yake hawa. Wasu ranakun da ɗan buhun yashi a baya, ɗaure da tsohon zanen Inna. Yakan ce hawa ƙarfi ne, kowa na iya koyo, sauka ce ke son hankali, don a wurin sauka ne dutse ke karɓar gwiwar mutum.

Shi ma ya san dokar garin, yana kuma kiyaye ta. Daga ƙofar gida a hankali yake tafiya, hannu a baya kamar dattijo, har ya wuce gidan ƙarshe ya tsallake rafi. Sai can yake sakin ƙafa. In ya dawo ma haka. Sai dai dole ya bi ta gaban majalisar da ke gindin itacen bedi, kuma ba su taɓa barinsa ya wuce salin-alin ba.

"Sada, yau kuma mi ka sato?"

"Ku bar shi, aljanar dutse ke kiran shi. Ango, a gaishe ta!"

"Kai, in ƙarfin ya yi maka yawa ga turmi can, iyalina na neman mai daka."

Sai ya ce, "Barkanku da hutawa," ya wuce. Wannan gaisuwar ta fi ƙona musu rai fiye da zagi.

A gida ma ba sauƙi. Inna cikin tausayi take nata faɗan. "Ɗan nan, azumi fa ake. Ko raƙumi ya san lokacin da zai zamna." Baba kuwa ba ya ɗaga murya, shi ya sa maganarsa ta fi zafi. "Tuwon da kake ci ka je ka ƙone kan dutse, na mutum biyu ne. Ka leƙa rumbu kau?"

Bayan an sha ruwa, ni ke ɗumama masa ruwan gishiri ya tsoma ƙafafunsa. Farcen manyan yatsunsa duk sun yi baƙi. Dabino uku yake fara ci, ya kora da ruwan tsamiya mai ɗan gishiri, sannan kunu da ƙuli-ƙuli. Wata rana na kasa haƙuri.

"Yaya, ba ka jin ƙishi?"

"Ina ji mana. Daga hawa na biyu harshena kamar ƙirgi yake."

"To mi ya sa?"

Ya kalli ƙafafunsa a cikin roba. "Rahi, jiki maƙaryaci ne. A hawa na uku zai rantse maki ya ƙare, ba sauran komi. In kika saurare shi kika zamna, shi ke nan. In kika ce mashi na ji, amma mu ƙara taku goma, sai ki ga ashe shina da wani rumbu a ɓoye. Ni ƙarshen rumbun nan nake son gani." Ya ɗan yi murmushi. "Kuma kin ga, kowa a garin nan ya iya gudu. Ranar da mutanen nan suka shigo, Alhaji mai shago da tumbinshi ya tsallake danga bai taɓa ta ba. Amma duk koro mu aka yi. Ni ina so ko sau ɗaya a yini in yi gudun da ba wanda ya sa ni."

Na rubuta maganar a bayan littafin da nake ɓoye waƙoƙina. A lokacin na ɗauka ita ce magana mafi kyau da aka taɓa yi a gidanmu.

Ruwan shuka ya sauka kwana kaɗan bayan ƙaramar salla. Maza a gaba da sungumi suna sara, mu a baya muna jefa iri muna turbuɗewa da diddige. Kafin mako ya zagayo gero ya huda ƙasa, sirara kamar allurai. Sai yunwa ta biyo baya, yadda ta saba. Yunwar damina daban take: ko'ina kore shar, ciki wayam. Inna ta kai ga shiga rumbu da kanta tana share ƙasansa da tsintsiya. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, da rana kwaɗon tafasa ko zogale, wani lokacin ba ko ƙuli. Yaya Sada ya rage gudunsa zuwa kwana uku a mako, bayan sallar asuba, daga nan ya wuce gona har azahar. In ana noma, kunya biyu yake gamawa kafin wani ya gama ɗaya, ba ya miƙewa ya dafe ƙugu. Ban taɓa jin wani ya ce dutsen ne ya ba shi wannan numfashin ba.

Gwaggo Kulu yayar Baba ce. Mijinta mutanen nan suka kashe a gonar nesa, a daminar da ta gabata. 'Ya'yanta maza biyu suna kudu wurin neman abinci. Gonar da ta rage mata ita ce ta ƙarshe ta yamma, mai kallon daji, kuma ciyawa ta fara shaƙe geron. Sai Sarkin Noma ya kira mata gayya: mazan gari su taru rana ɗaya su nome mata gonar, ita kuma ta ciyar da su. Tiya uku ta gero ta rage mata a duniya. Ta dake su duka ta yi fura. Saboda kusancin gonar da daji, aka ce Malam Isuhu, shugaban 'yan sa-kai, ya hau ɗorawar da ke gefen gonar da bindigarsa ƙirar maƙera. In ya ga abin da bai yarda da shi ba ya harba.

An kwana ana ruwa, gari ya waye garau. Yaya Sada ya ce wa Inna sau biyu kawai zai hau dutse, daga can ya sauka kai tsaye gonar Gwaggo. Don kada ya sake dawowa gida, ya ɗaure hauyarsa da igiya ya rataya ta a baya. Abin da ya faru da shi daga baya na ji. Da ya sauko ya tarar rafin da ya tsallake da asuba ya cika ya tare hanya. Dole ya zagaya ta bayan dutse ya nemi inda ruwan bai da zurfi. Yana tsallakewa ya jiyo gangar noma daga nesa, ya san an fara ba shi. Gayyar gwaggonsa ce, kuma ya san abin da za a ce a gindin bedi. Sai ya saki ƙafa. Ranar kaɗai ya manta ya tsaya ya yi tafiyar dattijo.

Ni da Gwaggo Kulu mun iso da hantsi, kowa da ƙwaryar fura a ka. Ban manta kyan wurin ba. Maza a jere sun duƙa, bayansu na ƙyalli da zufa, hauyoyi na tashi suna sauka tare da ganga, makaɗi na kiran sunan kowa yana zuga shi. Ƙanshin ɗanyar ciyawa da aka sare ya cika iska. Gwaggo ta tsaya tana kallo, na ga bakinta na motsi da addu'a. Ba su kai ko rabin gonar ba.

Sai bindiga ta tashi a kan ɗorawa.

"Ga su nan! Ga su nan ta yamma!"

Ganga ta yanke a tsakiyar kiɗa. Na waiwaya. Can daga bakin daji mutum ɗaya ya taho a guje, tufafinsa jiƙe sun yi duhu, da wani dogon abu rataye a bayansa. Na kuma ga kan nan karkace hagu. Wallahi na gane shi. Na buɗe baki zan ce Yaya Sada ne, amma ƙafafuna ba su jira bakina ba. Na jefar da ƙwarya na kwasa. Maza suka watse a guje suna tattake geron da suka zo ceto. Na ji Gwaggo na kiran sunana sau biyu. Ban tsaya ba sai da na kai dangar farko ta gari.

Labari ya riga mu shiga. Mata sun fito da goyo, wasu ba mayafi, an bar tukwane a kan wuta. Wasu sun miƙi hanyar Sheme, ba su dawo ba sai yamma.

Da na koma gonar, tsit. Hauyoyi warwatse, silifa nan da can, ganga kwance a kwarin kunya. Fura ta malale fara fat a kan jar ƙasa, ƙudaje har sun taru. Yaya Sada na durƙushe gefen Gwaggo Kulu yana haki, hauyar na nan a bayansa bai ko tuna ya sauke ta ba. Gwaggo ta faɗi a kan kunya, ƙashin ƙugunta ya karye. Shi ya goyo ta zuwa gida, a hankali, ni ina biye da ƙorai biyu fasassu.

Gayya ba ta sake haɗuwa ba. Ba abincin da za a ba masu noma, ba kuma wanda ke son ya koma ya tsinci takalminsa a gaban mutane.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Mai Unguwa. Mata ba sa zuwa irin wannan zama, amma zauren maƙwabta na da 'yar taga, kuma mu da yawa muka matsu a bayanta. Malam Isuhu ya fara. Fuskarsa ta nuna ya san ana dariyarsa a ɓoye, mutumin da ya harba bindiga saboda hauya.

"Ranka shi daɗe, abin da na gani shi na faɗa. Mutum ya fito daji a guje da abu rataye a baya. In ban harba ba aka kashe mutane, mi za ku ce mani?"

"Gaskiya ne," jama'a suka ce. Ni ma, a raina, na san gaskiya ne.

"Kuma ina da tambaya," ya ci gaba. "Wa ke shiga wajen nan kullum ya fito ba ko ƙwarzane? Mu da bindiga ba mu kuskura ba. Shi da wa yake gaisawa a can?"

Wani daga baya ya faɗi kalmar, a hankali: infoma. Wato mai kai wa ɓarayin daji labarin gari. Na san abin da aka yi wa waɗanda aka laƙa wa sunan nan a wasu garuruwa, ba a ko jira an tabbatar ba.

Yaya Sada ya ɗago. "Ba daji nake shiga ba, dutse nake hawa. Malam, ka san ni. Ta ƙofar gidanka nake wucewa. Na yi kuskure yau, ban musa ba. In an yarda, daga yanzu in sa farar riga in ɗaura ƙararrawa a ƙugu, kowa ya ji ya san ni ne."

"Gobe su ma su sa fari su ɗaura ƙararrawa," in ji Malam Isuhu. "Mu tsaya muna yi masu barka da zuwa."

Aka yi dariya marar daɗi. Mai Unguwa ya juya wurin Baba. "Malam, ɗanka ne. Mi ka ce?"

Baba bai kalli Yaya Sada ba. "Na gaya mashi tun bara. Yayata ce kwance. Duk abin da kuka yanke, ba ni da ja."

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Yaya Sada zai nome gonar Gwaggo Kulu shi kaɗai. Ranar da ya gama, ya zo gaban liman ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai sake gudu a ƙasar garin nan ba, ko a dutse ko a rafi, sai in gudun kowa da kowa ne. In ba zai rantse ba, ya bar garin, don Mai Unguwa ya ce ba zai iya lamunce wa rayuwarsa ba.

Kwana tara ya yi a gonar. Ruwa bai ɗaga ba, yau yayyafi gobe kamar da bakin ƙwarya, ciyawar da ya sare da safe sai ta nemi sake kamawa da yamma. Yana tafe yana tada geron da aka tattake, yana tara masa ƙasa a gindi. Ba wanda ya je taya shi. Masu wucewa ba sa ce masa barka da aiki, abin da ko baƙo ake yi wa. A gindin bedi tsokana ta ƙare, shiru ya maye gurbinta, in ya wuce sai su bi shi da ido har ya sha kwana. Mai kanti ya ce masa ba gishiri, alhali buhun na bayansa.

A kwanakin nan bai yi gudu ba ko taku ɗaya. In yana zaune cin tuwo sai in ga gwiwarsa na kaɗawa ita kaɗai, ya dafe ta da hannu. A rana ta shida na kai masa kwaɗo gona, na zauna bakin kunya.

"Yaya, ka rantse mana. Don Allah. Mi ke cikin gudun nan da ya fi Inna?"

"Bai fi Inna ba."

"To?"

Ya share zufa da bayan hannu. "In na rantse zan cika, kin san ni. Zan zamna gindin bedi in tsufa ina jiran ranar da za a koro mu, don ranar kaɗai aka halatta mani ƙafata. Rahi, tsoro nake ji wata rana in wayi gari ina fatan su zo."

Na ɗauki kwanona na dawo.

Da ya gama gonar ya je gaida Gwaggo Kulu, na bi shi. Tana kwance kan tabarma, mai ɗori ya ɗaure ta da karare da tsumma, ɗakin na warin man shafawa da hayaƙi. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Gwaggo, na gama. Geron zai yi, in Allah ya so. Ki yafe mani."

Ta kafa wa rufin ɗaki ido. "Karayar daga Allah ce, na yafe. Furar ma na yafe." Ta juyo da kanta da ƙyar. "Amma Sada, mijina a guje ya mutu. A baya harsashin ya same shi, takalminshi ɗaya sai bayan kwana biyu aka tsinto. Kai kuma ka ɗauki abin nan ka mai da shi abin sha'awa, kullum, a gaban idona. Wannan ban san yadda ake yafe shi ba. Tashi ka tafi."

Ya tashi. Muka kama hanyar gida. Na so in ji haushinta, na kasa. Duk haushin sai ya koma kan garin, kan mazan da suka tattake geron gwauruwa suka kuma nemi wanda za su ɗora wa kunyar.

Bai je gaban liman ba. Washegari da safe ya haɗa kayansa a 'yar jaka: riga biyu, wando, da kambas ɗin nan ɗaure da igiyoyinsa. Inna ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli da garin kunu a leda, tana yi tana share ido da bakin zane. Baba ya riga ya fita gona tun kafin rana ta fito, abin da bai saba ba. Yaya Sada ya tsaya ƙofar ɗakinsa duk da haka, ya yi sallama sau uku, ya juya.

Na raka shi bakin titi. Muka ratsa garin a hankali, mutane tsaye a ƙofofinsu, ba wanda ya ce Allah ya kiyaye hanya. Malam Isuhu ya biyo mu daga nesa da bindiga a kafaɗa, wai rakiya, ya tsaya a gidan ƙarshe. Ana yayyafi. Masara a gefen hanya ta kai gwiwa, ganyenta na ɗigar da ruwa. Muka tsaya gindin wata tsamiya muna jiran motar Funtuwa.

"Rahi," ya ce, yana kallon titi. "Ranar nan, kin gane ni?"

Na so in yi ƙarya. "Na gane ka."

"Tun daga nesa?"

"Tun daga bakin daji."

"Amma kika gudu."

"Na gudu, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. "Na hango ki kau. Kin wuce maza uku kafin danga. Ban san kina da ƙafa haka ba."

Na fashe da dariya da kuka lokaci guda. Mota ta tsaya, ya shiga ya matsu tsakanin buhuna, jakar a kan cinyarsa. Bai leƙo ba.

Geron Gwaggo Kulu ya yi kyau a shekarar, ya fi na maƙwabtanta. Ita kuwa da sanda take tafiya har yau. Yaya Sada yana Jos, yana ɗaukar kaya a kasuwa da rana, da sassafe kuma yana hawan duwatsun can, inda in mutane suka gan shi a guje sai su matsa su ba shi hanya. Yakan kira Inna ranar Juma'a. In Baba na kusa, sai ta ɗauki wayar ta koma bayan rumbu. Damina shida ke nan bai taka garinmu ba, ba kuma wanda ya aika masa ya dawo. A gindin bedi ko sunansa ba a faɗi. In magana ta biyo ta kansa, cewa ake, wanda ya watsa gayyar Kulu.